Abin da Ke Shanye Batirin Don Confesor

Tun daga kan kwana na ji hakinsa kafin in gan shi. Na ɗago kai daga babur ɗin da nake ɗaure wa sarƙa, sai ga Don Confesor yana turo nasa, riga ta jiƙe sharkaf, hular kwano na lilo a gwiwar hannunsa.

"A sa mini albarka, Padrino," na ce.

"Allah ya yi miki albarka, Belkis. Ya kuma nuna mini ranar da za a rufe shagon Radhamés."

Shi ne uban baftismata, abin da muke kira Padrino ke nan, shi ya riƙe ni a coci ina tsala ihu, kuma tun da mahaifina ya rasu ya bar mini garejin nan na bayan kasuwar Nagua, ba wanda ya isa ya taɓa babur ɗinsa sai ni. Yana acaɓa tun kafin a haife ni. Matarsa ta rasu da daɗewa, gwiwarsa ta dama kuma ta yi murabus kafin shi, don haka ba ya iya buga kik. In batir ya ƙi juya sitata, to sai turi.

Radhamés kuwa amininsa ne, shi ke sayar da kayan babur a kan titin da ya nufi teku. Tare suke buga domino kowace Asabar, kuma batirin da ya mutu a ranar shi ne na uku da Padrino ya saya a wurinsa cikin 'yan watanni.

"Mutumin da na yi wa ɗansa tsayuwar baftisma," in ji shi, yana zama a kan tsohuwar tayar da nake ba baƙi. "Ya dube ni ido cikin ido ya sayar mini da gawa har sau uku."

"Batir uku ba sa haɗa baki su mutu, Padrino."

"Na Radhamés suna yi."

Na miƙa masa kofi, na cire murfin gefe na ɗora mita a kan batirin. Wutarsa ko sha biyun da ake so ba ta kai ba. Na ciro shi na haɗa da caja, na ce ya je ya ci abinci ya dawo. Bai tafi ba. Ya aika aka sayo masa dakakkiyar agade da soyayyen cuku daga wurin mai abincin gefe, ya zauna yana ci yana lissafo mini halayen Radhamés tun daga makarantar firamare.

Batirin ya cika, na bar shi ya huta, na sake gwadawa. Ya riƙe wutarsa daram. Na mayar da shi, na danna sitata, babur ya tashi take.

"Kin gani? Tsoronki yake ji."

"Batirin lafiyarsa lau. Ba a ciyar da shi ne."

Na nuna masa mitar ina murza totur. Babur mai lafiya, in ka murza shi, ya kamata ka ga wuta ta haura ta kai wajen sha huɗu. Wannan da ƙyar yake leƙa sha uku, sai ya koma. Wato injin yana samar da wuta, amma wani abu yana tare ta a hanya. Na duba fis, na kankare kawunan batirin, na kwance wayar da ke kama jikin ƙarfe na goge tsatsar wurin. Na gwada wutar da ke fitowa daga kwail, tana nan da ƙarfinta, tana hawa in an murza. Saura rektifaya, ɗan akwatin nan mai haƙarƙari da ke tace wutar kwail ya zuba wa batir daidai cikinsa. Ina jan soket ɗinsa sai ya rabu biyu a hannuna. Ciki ya yi kore shar da gishirin teku, ƙafar soket ɗin ɗaya ta ƙone har robar ta narke. A garin nan iskar teku ba abin da ba ta ci, har ƙofar coci.

"Ga Radhamés ɗinka," na ce, na ɗora masa soket ɗin a tafin hannu.

Ya juya shi, ya sake juyawa. "To wa ya sani ko a shagonsa aka sayi wannan ma."

Sai da na ɗaga kujera don in gyara wayoyin na ga wata 'yar lasifika ɗaure da roba a ƙarƙashi, sabuwa fil, ga kuma ƙananan fitilu shuɗaye an jera su a gefen tanki. Na tsaya ina kallonsa. Wannan fa shi ne mutumin da yake cewa duk ɗan acaɓar da ya sa kiɗa a babur a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa.

"Fasinja ne suke so," ya ce, yana kallon rufi.

"Wa ya haɗa maka?"

"Wani."

Na cire kan batir na gwada ko suna satar wuta in an kashe makulli. Ba sa sata, wanda ya yi aikin ya san hannunsa. Na sa sabon soket, na shafe shi da man hana tsatsa, na tayar. Mita ta hau sha huɗu ta zauna. Na ce ya je ya ba Radhamés haƙuri. Ya ce zai yi tunani, ya hau ya tafi yana danna hon.

Ba a yi sati biyu ba na sake jin hakin nan daga kan kwana.

Wannan karon bai ambaci Radhamés ba. Ya jingina babur ɗin, ya zauna a kan taya, ya dube ni da irin tausayin da ake duban wanda ya faɗi jarrabawa.

"Ba komai, 'yata. Marigayi babanki ma wani lokaci yakan yi kuskure."

Wannan maganar ta ci mini rai. Na bar aikin da ke gabana na sake bin babur ɗin tun daga farko. Soket ɗina yana nan tsaf. Kwail lafiya. Na cire rektifayarsa na sa wata da na tabbatar da ita, ba abin da ya canja. Na girgiza kowace waya injin na aiki ko zan ga mita ta yi tsalle, ko motsi ba ta yi ba. Saura abu ɗaya: akwai kwail ɗin da yake aiki da sanyi, amma da ya ɗauki zafi sai ya daina. Na ba batirin ɗan caji kaɗan, na sa hular kwano, na ce ya tsare mini gareji kada ya taɓa komai.

Na bi titin bakin teku na ba shi wuta har na wuce gonakin shinkafa na kai inda ake sayar da kifi, fitila a kunne, lasifikar ma na kunna ta. Waƙa ɗaya ce tak a ciki, wata tsohuwar bolero irin ta zamanin iyayenmu, in ta ƙare ta sake farawa. Na dawo injin yana turiri, na ɗora mita tun ban sauka ba. Sha huɗu. Na kashe na gwada batirin, ya fi yadda na fita da shi cika.

"A hannuna yana caji," na ce. "A hannunka yake ƙi."

"To me kike nufi? Ni ne rektifayar da ta lalace?"

Na kwance fulogi. Ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, kamar na injin da ya wuni a tsaye yana kaɗawa. Na dubi tayoyi, ba su ci ba. Sai idona ya sauka kan takalmansa, waɗanda ya miƙe a gabana. Tafin duka biyun ya suɗe daga gaba, har babbar yatsa na shirin leƙowa.

"Padrino, ina kake zuwa da babur ɗin nan?"

"Inda fasinja ya ce."

"Da yamma fa?"

"Da yamma ma akwai fasinja."

"A wace giya kake tafiya?"

"Ke bakanikiya ce ko fada ce mai karɓar iƙirari?" Ya tashi ya karkaɗe wando. "Ki sa mini fulogina, ina da alkawari ƙarfe huɗu."

Washegari da la'asar na je shagon Radhamés neman takalmin birki. Yana zaune a ƙofa yana fifita da kwali, ƙaton cikinsa a waje. Na ce masa Padrino bai zo ba da haƙuri ba ko?

"Ya zo ya ci ni domino, a wurinsa ba da haƙurin ke nan." Ya dubi agogo. "Ki ɗan tsaya, kada ki shiga. Yanzu za su wuce."

"Su wa?"

"Duk Nagua ta sani, sai ke da kanki yake cikin inji."

Kiɗan na fara ji, bolero ɗin nan. Sai ga Doña Onelia ta ɓullo daga layin makaranta, mai alewar kwakwar nan da mijinta ya rasu shekarun baya, tana tafe a ƙasa cikin riga mai furanni, lema a buɗe, ba ta kallon hagu ba ta kallon dama. A gefenta kuwa ga uban baftismata a kan babur, a giya ta ɗaya, ƙafafu biyu suna jan ƙasa. An ɗaure robar alewarta a mazaunin fasinja da igiya. Babbar fitila a kunne da rana tsaka, shuɗayen fitilun nan suna walƙiya, sigina tana ƙyaftawa don masu mota su kauce. Wata tsohuwa mai sanda ta wuce su.

A ƙofar kantin magani Doña Onelia ta tsaya. Ya kashe inji, amma kiɗa da fitilu suna nan. Ta kwance igiya, ta ƙirga alewa ta miƙa, ta yi hira da mai kantin game da ciwon bayanta, ta dawo ta ɗaure. Ya danna sitata. Ba su yi nisan jifa ba ta sake tsayawa a wurin mai aski. Ya kashe. Ya sake dannawa. Ina jin sitatar tana ja da ƙyar.

"Haka suke yi har unguwarsu," in ji Radhamés. "Kantuna sun fi ashirin. Tun bayan Ista."

"Me yake ce mata?"

"Shi? Ko uffan. Ya bar wa mawaƙin. Mutumin da in ya fara magana a teburin domino sai an kashe fitila yake tashi." Ya yi dariya har cikinsa na rawa. "Ni dai ina sayar da batir, ban ga dalilin da zai sa in yi magana ba."

Da safe na aika a kira mini shi. Ya shigo yana fara'a, yana zaton na gano kuskurena.

"Na gano ciwon," na ce. "Yana sa riga mai furanni, yana riƙe lema."

Na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya ɗauki wata sifana daga kan tebur ya duba lambarta kamar zai saya.

"Taimako ne. Robar tana da nauyi, ga bayanta."

"Allah ya saka. Amma ka ji yadda abin yake. Injin nan in ba ya gudu, wutar da yake bayarwa ba ta wuce ta shan fitila. Kai kuma ka ƙara masa mawaƙi da kayan ado. Kowane danna sitata kamar ka ɗebi bokiti ne daga randa, kana mayarwa da cokali. Da safe kana zaune a tasha kana jira, da yamma kana rakiyar jana'iza. Yaushe batir zai ci abinci?"

"To ki sa mini babba."

"Babba ma zai mutu, sai dai ya ɗan fi jinkiri. Ka bar ni in cire lasifikar."

"A'a."

"Fitilun fa?"

"Ta ce suna da kyau."

"To ta hau baya mana, ku yi gudu kamar mutane."

Ya girgiza kai. "Ba ta hawa babur. Ta rantse tun tana budurwa."

"Kai kuma ka gaya mata abin da ke ranka?"

"Belkis, ni na riƙe ki kina fitsari a hannuna gaban fada. Ki san irin tambayar da za ki yi mini."

Muka rabu a kan zai riƙa zuwa bakin teku da gudu ya dawo kowace safiya kafin ya shiga tasha. Ya yi kwana biyu yana yi, daga nan ya ce mai ya yi tsada, kuma mutane suna tambayarsa wa yake kora.

Ranar wata Alhamis, hadari ya haɗu, ina tattara kayan aiki, sai na ji hakin mutum biyu. Padrino yana riƙe da kan babur, Doña Onelia tana turawa daga baya da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da lema. Ba kiɗa, ba fitila. Ta saki babur ɗin a ƙofar gareji, ta gyara gashinta, ta dube ni.

"Ke ce Belkis 'yar marigayi Eulogio? Kin yi kama da shi ta haɓa. Gaya mini, me ke damun abin nan? Ni aka ce za a sauƙaƙa wa kaya, yau ga ni ina tura kayan da mai kayan."

Padrino yana yi mini alama da ido daga bayanta. Na yi kamar ban gani ba, na ba ta kujerar gaske, ba taya ba. Na yi mata bayanin randa da cokali. Ta saurara sosai, har ta tambaye ni ko ruwan sama yana da hannu a ciki, na ce babu.

"Wato tafiyata ce take kashe shi."

"Tafiyarki da tsayawarki, Doña. Da mawaƙin."

"Mawaƙin nan!" Ta juya ta fuskanci Padrino. "Confesor, waƙar nan ta fita daga raina. Ina jinta a barci. Ina dama kwakwa ina jinta. Na yi zaton ita kaɗai na'urar take iya yi, na yi shiru don kada in kunyata ka."

"Kin ce tana da daɗi," ya ce a hankali.

"Ranar farko na ce. In akwai maganar da kake son yi, ka zo baranda ka zauna ka yi ta da bakinka, kamar mutumin da ya haura sittin. Ina da kujera biyu."

Padrino ya tsaya yana murza hular kwano, ruwa ya fara sauka a kan kwanon rufi. Ni kuma na sunkuya ina kwance batir, ina cije leɓe.

Ta ɗan ɗage rigarta ta nuna mini ƙwaurinta na dama. Tabo ne mai faɗin tafin hannu, ya yi fari yana sheƙi.

"Salansa," ta ce. "Ina 'yar sha bakwai, wani ɗan iskan saurayi ya ɗauke ni zuwa rawa. Da bandeji na yi bikin ƙanwata. Gudu ba ya ba ni tsoro, yarinya. Wancan bututun ne ba na so."

"Wannan ai mai sauƙi ne. Zan yi masa riga."

"Ana yi?"

"Ana yi."

Ta dubi Padrino sama da ƙasa. "Watanni kana jan ƙafa a gefena, ba ka taɓa tambayata dalili ba."

Da ruwa ya tsagaita ta ɗauki robarta a kai ta tafi, ta bar mini alewa uku a kan tebur. Na yanko falle daga wani tsohon murfin ƙarfe, na huda shi, na lanƙwasa, na ɗaure a kan salansar da tazara yadda ko an wuni ana gudu za ka iya dafa shi. Padrino yana tsaye a kaina yana ba da shawarar da ba wanda ya nema. Da na gama ya ce in cire lasifikar.

"Ka tabbata? Fasinja fa suna so."

"Cire."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci suka zo, don ta ce ba za ta hau ba sai a gabana. Ta taɓa rigar salansar da yatsa, sannan da tafin hannu, ta yi alamar gicciye, ta hau a karkace ƙafafu gefe guda, ta kama rigarsa da yatsu biyu. Radhamés ya rufe shago ya zo kallo. Suka fita a hankali, har na fara tunanin aikin banza na yi. Sai da suka kai kwana na ji an sa giya ta biyu, sannan ta uku.

Sai bayan la'asar suka dawo, daga garin Cabrera wai, da kifi a leda. Gashinta ya tashi tsaye, lemar ta ɓata a hanya. Yanzu hannu biyu ta zagaye shi da su. Ta sauko tana gyara riga, na ɗora mita, batir ya cika maƙil.

"Yaya hanya, Doña?"

"Iyakar gudunsa ke nan? Motar rake ta wuce mu. Motar rake, Belkis!"

Ba su yi aure ba. Ta ce ta binne miji ɗaya, ba za ta sake wanke safar wani ba. Amma kujera ta biyu a barandarta ta zama tasa, kuma maƙwabta sun ce tun da bakinsa ya buɗe ita ce yanzu take neman wurin sa kalma. Tallan alewar da ke cin yamma guda ya koma na ɗan lokaci, har ta ƙara kantuna a garuruwan gefe.

Wajen Kirsimeti suka shigo garejin tare. Ta zagaya babur ɗin sau ɗaya, ta buga kujerar da hannu.

"Ki rage mini tsayin wannan. Ƙafata ba ta kaiwa ƙasa sosai. Madubin ma ki sauko da shi."

Na dubi Padrino. Yana rungume da robar alewa a ƙirji.

"A filin ƙwallo kawai take koyo," ya ce. "Ba za ta hau titi ba."

"Jiya ni na kai mu kasuwa," in ji ta. "Idonsa a rufe, shi ya sa bai sani ba."

Na ɗauko wuƙa na fara farke ɗinkin kujerar.